Wa Ya Buɗe Maka Imel, Alhaji?

Allah ya sanya alheri, Alhaji, a kashe lafiya. Mun ga sabuwar waya. Mun ga yadda ake kifa ta a kan tabarma a majalisa don kowa ya ƙirga idanun kyamarar da ke bayanta; uku ne, mun ƙirga. Ledar da ke kan gilashin ma ba a ɓare ba, kuma na san ba za a ɓare ba sai ta gaji ta faɗi don kanta. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ɗaya aljihun, wanda har yau yake a kumbure. Tsohuwar ce a ciki, mai tsagaggen gilashi, wadda aka ɗaure bayanta da roba. In an kira ka, ita ce ke ƙara. In za ka tura kuɗi, ita kake zarowa. Sabuwar kuwa aikinta biyu: haska hanya in an ɗauke wuta, da ɗaukar hoto a wurin ɗaurin aure.

Duk sanda aka ce muku ana iya kwashe kayan tsohuwar a juye a sabuwar, lambobi da hotuna da saƙonni har da ƙararrawar da ke tashin mutum da asuba, sai ku yi murmushin nan naku na waɗanda suka ga jiya suka ga yau. "Kai dai Malam, faɗi kawai ake yi. Ni da na canza waya bara, komai nawa tafiya ya yi." Ban musa ba, ya tafi. Inda muka rabu shi ne wanda ya kore shi. Ku kun ce wayar ce, ko kamfanin, ko makircin Bature. Ni kuwa ina da wanda nake zargi, yana sanye da babbar riga, kuma yanzu haka shi ke karanta wannan shafi.

Mai cewa "ai ni a sim nake sebin" shi ya fi sauƙin kayarwa. Dabara ce ta zamanin Nokia mai tocila, kuma a lokacinta ta yi amfani. Amma sim yawanci ba ya ɗaukar abin da ya wuce lamba 250, suna ɗaya lamba ɗaya, in suna ya yi tsawo kuma ya datse masa wutsiya. "Alhaji Sani Mai Atamfa" ya koma "Alhaji Sani Ma", ka rasa ko mai atamfa ne ko mai bin ka bashi. Kai da lambobinka suka haura dubu, da "Mai Taya", da "Mai Taya 2", da "Mai Taya Na Gaskiya", da wanda ka sa wa "Kar A Ɗauka", a ina kake zaton ragowar suke? Ka zare sim ka sa a sabuwa, ka ga ko rubu'i ba su zo ba, sai ka hau sitatus: "Na canza waya, duk mai lambata ya turo sunansa." Alhali sitatus na WhatsApp waɗanda lambarsu ke cikin wayarka kaɗai ke ganinsa, wato waɗanda ba ka buƙatar su turo komai. Ka koma Facebook ka sake shela. Waɗanda kake bi kuɗi ba za su ga wannan sanarwa ba har abada. Wanda ke bin ka kuwa, kafin ka ajiye wayar ya turo suna da sunan mahaifi.

Maganin bai kai a kira shi aiki ba: a shiga manhajar lambobi, a kwashe na sim da na cikin waya a mayar da su asusun Google, duk wayar da ka shiga da wannan asusu su biyo ka. To a nan ne Alhaji ke gyara zama ya ce, "Wane asusu kuma?" Imel ɗinka. "Ni ba ni da wani imel." Kana da shi, ranka ya daɗe. Babu mai sauke manhaja daga Play Store sai da shi, kuma na ga TikTok a wayarka, kada ka ce jikoki ne suka sa. Tambayar da ba ku son ji ita ce: wa ya buɗe maka shi?

Bari in tuna maka. Ranar da ka sayi wayar, ko a Farm Centre ne a Kano ko a wani ɗan kes a bakin tasha, ka miƙa wa yaron shago ka ce, "Ɗan saita min ita." Ya ɗora ta a cinya, kunnensa ɗaya na wurin wani mai taya caja, ya tambayi sunanka bai ɗago ba. Ya rubuta, Google ya ce wani ya riga ka, ya liƙa lambobi huɗu da suka faɗo masa a ka. Ranar haihuwa ya ba ka 1 ga Janairu, yadda yake ba kowa. Kalmar sirri ya sa lambar wayarka, ko tasa, ko sunan kulob ɗin da yake goyon baya. Da aka zo wurin lambar da za a tuntuɓa in an manta, sim ɗinka na cikin tsohuwar waya, sai ya sa tasa don kod ya shigo a wuce wurin. Ya rubuta maka komai a murfin kwali da biro mai gardama, ya ce, "Alhaji, ka adana wannan." Ka ce to. Kafin mako ya zagayo yara sun yi mota da kwalin.

Ban ce yaron mugu ne ba; mutum goma ke jiransa, kuma kai ne ka ce kana sauri. Amma bayan shekara biyu ka sake waya, wani yaron ya tambaye ka imel, ka ce ba ka da shi, ya buɗe sabo. Haka aka yi ta yi, yau kana da imel huɗu ko biyar, kowanne riƙe da guntun rayuwarka: wannan da lambobin abokan kasuwa, wancan da hotunan aikin Hajji, na ukun da bidiyon sunan 'yarka ta fari. Mai yiwuwa ba su tafi ko'ina ba, suna nan kwance a rumbun Google, wanda ke ba kowane asusu giga 15 kyauta. Ƙofar ce ba ka sani ba. Kuma ba za su jira ka har abada ba, don tun ƙarshen 2023 kamfanin ya ba kansa damar goge asusun da aka shekara biyu ba a leƙa ba. Ga kuma tarkon da aka ɗana wa ɓarayi yake kama masu kaya: tun Android 5.1 a 2015, wayar da aka yi wa filashin ba a cire asusun da ke kanta ba, in ta tashi sai ta ce a kawo imel da kalmar sirrin da ta sani. Ɓarawo ya tsaya cak. Kai ma da ka saya da guminka ka tsaya cak, rasit a hannu, kana ta rantsuwa.

Sai Malam, wanda shi nasa ƙin da hujja yake. "Ni ba zan ɗora sirrina a intanet Bature ya riƙa leƙe ba." Allah gafarta Malam, ba zan ce zarginka shirme ne ba. Google da talla yake cin abinci, kuma mai cin abinci da talla so yake ya san abin da ranka ke so kafin kai ka sani. Wanda ya ce ba zai ba shi komai ba yana da gaskiyarsa. Sai dai ina da tambaya. Ranar da ka sayi sabuwa, wa ka miƙa wa wayoyin biyu, ka faɗa masa lambar buɗewa da bakinka, ya ce ka je ka dawo bayan la'asar? Wanda kake tsoro yana Kalifoniya, bai san ƙofar gidanka ba, bai san sunan amarya ba. Wanda ka bar wa wayar awa uku ya san unguwarku, kuma yana da abokai masu son kallo. An gudu ba a tsira ba ke nan. Abin haushin, hanyar da ta dace da mai irin ra'ayinka tana nan, a ɗakinka za ka yi ta, ba sai hoto ko ɗaya ya hau intanet ba: kebul tsakanin waya da waya.

Sabuwar Android in aka kunna ta karon farko, bayan zaɓen harshe da haɗa intanet, za ta tambaya ko a kwaso kaya daga tsohuwa. Wannan tambayar ce yaron shago ke tsallakewa da babban yatsa kafin ka ƙifta ido. In ka amsa mata da e, sai ka haɗa su da kebul, mai baki iri ɗaya a kowane gefe in duka biyun masu USB-C ne, ko kuma su haɗu ta wayfai. Tsohuwar ta nemi ka buɗe ta ka amince, sabuwar ta jero maka abin da ta gani, ka zaɓa. Lambobi, saƙonnin tes, tarihin kira, hotuna, bidiyo, hoton bango, ƙararrawa, kalmomin sirrin wayfai, duk suna hayewa. Samsung na da tasa manhajar, Smart Switch. Xiaomi na da Mi Mover. Tecno da Infinix, waɗanda duk 'ya'yan kamfanin Transsion ne na Shenzhen, su ma suna zuwa da tasu. Sunaye ne suka bambanta. Roƙona kawai, a cika cajin duka biyun kafin a fara, kada a tayar da aikin giga 40 da waya mai kashi 10 ana addu'ar a kawo wuta. A kuma tanadi data, don ta hanyar Google manhajojin kansu ba sa bin kebul; sunayensu ne ke hayewa, sabuwar ta sake sauko da su daga Play Store ɗaya bayan ɗaya. A nan datar dare take yin rana.

Na ji ka, ɗan samari, kai da ke cewa Xender ya ishe ka. Ya isa ga fim da waƙa da karatun malamai, ban hana ba. Har manhaja yana turawa. Amma kwanon yake kawo maka, tuwon yana can gida. Ka buɗe manhajar ka same ta fes, ba ta san ka ba, tana tambayar sunanka. Abin da ka tara a cikinta Android ba ya barin wata manhaja ta taɓa, kuma da yana bari da ka fi kowa kuka. Mai memori ma ya saurara: in an taɓa haɗe memorin da cikin wayar ya zama ma'ajiyarta, to an kulle shi da ita, wata wayar ba za ta karanta ba, sai dai ta ce a yi fomatin. Ka amsa mata, tafsirin azumi goma ya tafi.

Hajiya, na san duk wannan surutun bai dame ki ba, WhatsApp ɗinki kike tambaya. Kina da gaskiya, don a nan ake asarar da ba ta da madadi. Lissafin adashi yana ciki, da wadda ta zuba da wadda ta ce sai Juma'a. Hotunan atamfar da kike sayarwa da alkawuran masu saye suna ciki. Wasu kuma muryar mahaifiyarsu ce a ciki, wadda ta riga mu gidan gaskiya, kuma ba su da ita a ko'ina sai nan. A kan wannan ba na zolaya.

WhatsApp ba ya ajiye hirarki a wurinsa. Tun 2016 saƙo a kulle yake tafiya daga wayar mai turawa zuwa ta mai karɓa, da zarar ya isa kuma kamfanin ya sauke nauyi. Hirar a cikin wayarki take kwana. Shi ya sa in kin sa lambarki a sabuwar waya za ki ga guruf-guruf sun dawo, amma wayam, ko sallama babu. Telegram ba haka yake ba, shi a rumbunsa yake ajiye hirar yau da kullum, da kin shiga ki same ta. Kada ki auna wannan da wancan. Abin yi, ki shiga saitin hira a tsohuwar, ki danna ajiyar ko-ta-kwana da hannunki, ki tsaya ki ga ta cika, ki kuma duba wane imel ta hau. Kin ga mun sake dawowa kan imel. A sabuwar, lamba ɗaya, imel ɗaya. Bayan kod ya shigo zai ce ya ga ajiya, a dawo da ita? Sau ɗaya yake tambaya. Kika tsallake don ana jiranki a gidan biki, to sai an cire manhajar an sake sa ta, kuma a yi da wuri, don ajiya ɗaya Google Drive ke riƙewa, sabuwa in ta hau sai ta shafe tsohuwa. Wato ajiyar da babu komai a cikinta tana iya cinye ta shekara biyar.

Da can wannan ajiya ba ta cin komai daga giga 15 ɗin nan. Daga farkon 2024 ta fara ci. Don haka hotunan furanni masu "Barka da Juma'a" da guruf bakwai ke turo miki kowane mako, da bidiyon wa'azin da aka turo sau tara, duk wuri suke tarewa. In rumbun ya cika ajiya ta tsaya, ke ba ki lura ba, sai ranar da kika nema ki tarar ta bara ce. Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi ga mai wayoyin biyu a hannu, an fito da ita a 2023: sabuwar ta nuna tambarin nan mai ɗigo-ɗigo, QR, tsohuwar ta haska shi da kyamara, hirar ta haye kai tsaye da hotunanta da muryoyinta, ba ta bi ta rumbun kowa ba. Sharaɗin da ta fito da shi a lokacin, su zama jinsi ɗaya, Android da Android ko iPhone da iPhone, kuma dole tsohuwar ta kasance tana raye.

Kod ɗin nan mai lamba 6 kuwa, daga ke sai Allah. Ranar canza waya ce ranar da mutum ke jiran kod, don haka ita ce ranar da ya fi saurin karanta shi ga wanda ya kira da murya mai daɗi ya ce daga guruf ɗin tsofaffin ɗalibai ne, za a yi taro. Kafin magariba dangi sun fara samun saƙo da sunanki wai kina asibiti a taimaka da dubu 20. Akwai fin na biyu da ake sawa don toshe wannan ƙofa. Ki sa, ki haɗa shi da imel, don in kin manta shi babu imel sai kin yi zaman jiran kwana 7.

Masu GB WhatsApp, masu karanta saƙon da aka goge suna ɓoye cewa suna kan layi, ku ba ni da abin ce muku sai Allah ya ba da haƙuri. Ba kamfanin ne ya yi ta ba, ba ya ɗaukar alhakin hirar da ke cikinta, yana ma rufe lambobin da ya kama. Kun shekara kuna leƙen asirin mutane, ranar ƙaura ku nemi naku ku rasa.

Ƙanena da ya tara kuɗi ya haye iPhone, sannu da hawa. Ka kunna, ka saita, ka tsaya gaban madubi ka ɗauki hoto yadda tuffar za ta fito sosai, sannan ka zo kana tambayar yadda za a kawo kayan da ke cikin Tecno. Ka makara. Move to iOS, manhajar da Apple ya fitar a 2015 don masu baro Android, a farkon saiti take aiki, lokacin da wayar ba ta da komai. Wanda ya wuce wurin sai ya goge ta ya koma farko, har da hoton madubin. Hirar WhatsApp ma ta nan take bi, kuma sai a 2022 aka buɗe mata wannan hanya. Manhajar da ka saya da kuɗi a Play Store sai ka sake saye a App Store, kasuwa biyu ce. Can kuma giga 5 kacal iCloud ke bayarwa kyauta, abin da bidiyon biki ɗaya zai lashe. In Landan yus ce, kafin ka ƙirga kuɗi ka tabbata babu iCloud ɗin wani a kai, don tun 2013 Apple ke kulle waya da asusun mai ita, mai ita kuwa yana wata ƙasa bai san kana yi ba. Ka kuma juya gefenta ka nemi ramin sim. Daga iPhone 14, wadda ta fito a 2022, waɗanda aka yi don kasuwar Amurka ba su da shi sam, sai eSIM, wanda sai kamfanin layinka ya mayar maka.

Akwai abin da ba ya hayewa ko da kebul ɗin na zinare ne, kuma da gangan aka yi. Zanen yatsanka ba ya fita daga wayar da ka dangwala shi, sai ka sake dangwalawa. Manhajar banki za ta sauko, amma ba za ta gaishe ka ba sai ta tabbatar kai ne: kalmar sirri, fin, kod zuwa layin da banki ya sani, wani bankin har fuska ko BVN. Kada ka zage ta. Ranar da aka fizge maka waya a cikin a-daidaita-sahu, wannan taurin kan nata za ka yi wa addu'a. Abin dubawa shi ne layin. Wanda alat ke shigowa yana hannunka, ko yana cikin wata tsohuwar waya a ƙasan akwati? Layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani na karɓewa ya sayar wa wani, kod ɗinka ya riƙa sauka a wayar baƙo. Kuma da sunan wa aka yi masa rajista? Tun da aka ce a haɗa layi da NIN a Disambar 2020, welkam bak sai mai sunan. In ƙaninka ne ya yi maka rajistar lokacin da kake ƙyuyar tsayuwa cikin rana, yanzu kuma yana ci-rani a Legas, to ka fara lallashinsa tun yau.

'Yan mainin, da suka ƙarar da 2024 suna ƙwanƙwasa gilashi a Notcoin da Hamster Kombat har yatsa ya yi kanta, naku ya fi na kowa tsauri. Walat ba ta da ofishi, ba ta da manajan da za a je a durƙusa wa. Kalmomin nan 12 ko 24 da ta nuna muku ranar farko ta ce ku rubuta, ku kuka ɗauke su hoto kuka bari a cikin wayar, su ne dukiyar. Wayar ta mutu da su, an gama.

Ina da wani abokin wasa, Bazazzagi, kun dai san halinsu, da ke yawo da ɗan littafi a aljihun gaba yana kwafe lambobin mutane da biro tun zamanin da ake biyan kuɗin kira a ƙarƙashin lema. Duk sanda wayar wani ta faɗa ruwa sai ya zaro littafin yana kaɗawa. Yau dai zan ba shi rabin gaskiya, kada ya saba. Takarda ba ta neman caji, ba a yi mata kutse daga nesa. Inda ya ɓata shi ne abin da yake rubutawa. Lamba dubu aikin na'ura ne. Abin da ya cancanci biro layi kaɗan ne: adireshin imel, kalmar sirrinsa, fin ɗin WhatsApp, da kod 10 na ko-ta-kwana masu lamba 8-8 da Google ke ba wanda ya kunna tabbaci mai hawa biyu, saboda ranar da zai ce ya tura tambaya zuwa tsohuwar waya alhali tsohuwar tana hannun ɓarawo. A rubuta a sa inda ake ajiye takardar fili, ba a cikin rigar wayar ba. Wanda bai san kalmar sirrinsa ba kuwa, damarsa tana cikin tsohuwar nan mai roba: imel ɗin a buɗe yake a cikinta, adireshin na rubuce a saiti, kuma Google ya fi saurin yarda da mai roƙo in daga wayar da ya saba gani yake roƙon. A sake kalmar sirri daga nan, a cire lambar yaron shago a sa taka.

Masu canji da ciko su suka fi ba ni tausayi. Mutum ya shiga kasuwa da tsohuwa ya fito da sabuwa cikin rabin awa, ya bar tsohuwar a kan kanta da ɗuminta, yana murna an rage masa kuɗi. Sai ya isa gida ya tuna kebul na buƙatar baki biyu, QR na buƙatar mai haskawa, Google kuma ya tura tambayarsa zuwa wayar da tuni an sa ta a gilashi an liƙa mata farashi. In dole sai an yi canjin, a roƙi mai shago benci, a zauna a yi ƙaurar a gabansa ko da za a kai la'asar. In da hali kuwa, tsohuwar ta ƙara mako a gida, har a ga an tura kuɗi da sabuwa, an buɗe hirar bara, an kira "Mai Taya Na Gaskiya" ya ɗauka.

Sannan a wanke ta. Goge hotuna ɗaya-ɗaya ba wanki ba ne, kwandon shararta na riƙe su makonni. A cire sim da memori, a fitar da asusun Google ko na iCloud tukuna, sannan a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. A 2014 kamfanin Avast ya sayi wayoyin Android na hannu guda 20 a eBay, ya tono hotuna sama da 40,000 daga cikinsu, alhali masu su sun ɗauka sun goge. Wayoyin yanzu a kulle suke ajiye abin da ke cikinsu, don haka wankin gaskiya ya wadatar, amma sai an yi shi.

In kuma ba sayarwa za ka yi ba, a gida za ta zauna, hannun uwargida ko Abba mai gem, duk ɗaya ne, a wanke ta tas, a buɗe wa sabon mai ita nasa imel, ya kuma san kalmar sirrinsa. In ka bar naka a kai, imel ɗaya ke nan a waya biyu, duk lambar da ka ajiye a sabuwa za ta bayyana a tsohuwa, har da wadda ka sa wa "Musa Makanike" alhali muryar mace ke ɗauka. Hotunan da suka hau rumbu ma haka. Abin da zai biyo baya kuma ya fi ƙarfin masu gyaran waya, sai dai a kira waliyyai.